Duniya a Ɗakin Amarya

Gabatarwa

Idan aka ce tarihi, abin da yakan fara faɗo mana a rai shi ne yaƙe-yaƙe da sarakuna da ganuwa, da kuma jerin shekarun da muka haddace domin cin jarrabawa. Ba kasafai mukan tuna cewa ƙwaryar goro da turmin atamfa da kwanon sha su ma suna da nasu tarihin ba, alhali kuwa da za a ba su baki, da sun ba mu labarin garuruwan da wasunmu ko sunansu ba su taɓa ji ba. A wannan ɗan rubutu muna so mu riƙe hannun mai karatu mu bi auren Bahaushe daki-daki, tun daga ranar kai goro har ya zuwa ranar kai gara. Duk kayan da muka tarar za mu tsaya mu tambaye shi inda ya fito, da wanda ya kawo shi, da kuma abin da muka bayar a madadinsa. Mun zaɓi aure ne saboda babu wata hidima da takan tara kaya iri-iri a ɗaki guda kamarsa, kuma babu gidan da bai shafa ba.

Goron Sa Rana

Da goro ake buɗe maganar aure a ƙasar Hausa, da shi ake sa rana, da shi kuma ake sallamar jama'a bayan an shafa fatiha. Abin mamaki shi ne, wannan ɗan itace da ya zama jigo a al'adarmu ba ya tsirowa a ƙasarmu, domin itacen kurmi ne mai son inuwa da yawan ruwan sama. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun a ƙarni na 15, kuma daga baya wannan hanya ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fatauci a Afirka ta Yamma. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan haɗa ayari a ƙarƙashin madugu, su ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da kayan fata, su ƙetare Kwara su doshi kasuwar Salaga da ke arewacin ƙasar Gana ta yau. A can ne sukan sari goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante, su ɗaure shi huhu-huhu cikin ganye, suna tafe suna yayyafa masa ruwa suna tsince wanda ya ɓaci. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa.

Abin da ya karkatar da wannan hanya daga nesa ya taso. A shekarar 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya yi rauni, sannan yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa kasuwar. Fatake suka nausa kudu, suka kafa zango a Kumasi da Ankara, suka koma loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Marigayi Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci na teku. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, sai manoman ƙasar Yarabawa suka duƙufa wajen dasa irin goron Gwanja a yankunan Agege da Ota da Shagamu, Hausawa kuma suka biyo goron suka zauna. An keɓe unguwar Sabo ta Badun a 1916. Ke nan da yawa daga cikinmu da aka haifa a irin waɗannan unguwanni na kudu, goro ne ya kawo kakanninmu.

Bai tsaya nan ba. A shekarar 1886 wani mai haɗa magunguna a birnin Atlanta na Amurka, John Pemberton, ya haɗa wani abin sha da ya sa wa sinadarin goro, kuma daga sunan goro a bakin Turawa aka samo rabin sunan Coca-Cola. Yau a wajen walima akan ajiye farantin goro a hannun dama, kwalbar lemo a hannun hagu, ba tare da mun lura cewa 'yan'uwan juna ne ba.

Kuɗin Sadaki

Kowane ɗalibin Hausa ya san cewa kalmar kuɗi jam'i ce, tilonta kuwa shi ne wuri. Wannan ɗan bayani na nahawu yana ɗauke da tarihin da ya ratsa tekuna biyu. Wurin da kakanninmu suka biya sadaki da shi ƙwanson wata 'yar halittar ruwa ce da ake samu a tsibiran Maldif, can cikin tekun Indiya. Mutanen tsibiran sukan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su maƙale, a janyo su gaɓa a bar su a rana har naman ya ruɓe, a wanke ƙwanson. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran, ya zo ya tarar ana ciniki da wannan wuri a Mali da Gawo lokacin ziyararsa ta 1352 zuwa 1353.

Daga ƙarni na 16, Turawan Fotugal, sannan na Holan da na Ingila, suka karɓe wannan ciniki. Sukan zuba wuri a gindin jiragensu domin ya ba su nauyi, su kewayo kudancin Afirka su kai shi Amsterdam da Landan, a yi gwanjonsa, a sake loda shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Nan da nan ya zauna daram, har muka yi masa ma'aunai namu: dubu zambar ce, dubu ashirin kuwa keso.

To amma me aka bayar aka karɓi wurin? A nan ne labarin yake da ɗaci. Babban abin da jiragen nan suke saye a Wida da Ikko shi ne mutane. Cikin waɗanda aka sayar har da Hausawa masu yawa, musamman a shekarun yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, aka kai su gonakin rake na Bahiya a ƙasar Birazil. Tarihin can ya adana labarin tawayen da bayi Hausawa suka ƙulla a 1807 da 1809 da 1814. Saboda haka keson da wani ya ƙirga a zauren surukansa yana murna, ta yiwu da kan ɗan wani aka shigo da shi.

Ƙarshen wuri ma daga waje ya zo. Daga 1845 'yan kasuwar Hambag ta Jamus suka fara jigilar wani irin wuri mai araha daga Zanzibar, suka cika kasuwannin gaɓar teku da shi, darajarsa ta yi ta faɗuwa har abin ya game ƙasa. Wanda ya tara dukiyarsa a rumbun wuri ya wayi gari tana narkewa, bai kuwa san wanda ya jawo masa ba. A 1904 Turawan mulki suka hana shigo da shi. Kuɗaɗen da suka gaje shi sun bar mana sunayensu a baki: fam da sule da sisi da kwabo duk daga Ingilishi muka aro su, dala kuwa daga azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda ake bugawa da shekarar 1780 a jikinta. Naira ba ta zo ba sai ranar 1 ga Janairu, 1973.

Akwatunan Lefe

Ranar da aka kawo lefe, mata sukan zauna a buɗe akwati ɗaya bayan ɗaya, ana ɗagawa ana ƙirgawa: Holan turmi kaza, shadda kaza, leshi kaza. Wanda ya kasa kunne zai ji kamar darasin labarin ƙasa ake yi.

Asalin zanen atamfa daga tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya yake, inda mata suke zana ƙyalle da narkakken kakin zuma kafin a rina shi. Turawan Holan, waɗanda suka mallaki tsibirin, suka so su kwaikwayi wannan sana'a da inji domin su sayar wa Jawawa da araha. To sai kakin ya riƙa tsattsagewa a inji, rini yana bin tsagar yana barin jijiyoyi a jikin zane. Jawawa suka ga aibi ne suka ƙi saye. Da aka kawo irin wannan zane gaɓar Gana wajen ƙarshen ƙarni na 19, sai matan can suka ga ado ne, kuma daga nan ya bazu. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, har yanzu yana buga atamfar da muke kira Holan. Ita kuwa shaddar da muke kira gezna, sunan kamfanin Getzner ne na garin Bludenz a Ostiriya, leshi mai tsada kuma ya yi suna ne daga Lustenau ta Ostiriya da Sangalan ta Suwizalan. Garuruwa ne na dusar ƙanƙara, amma abincin masaƙansu ya rataya a kan bukukuwanmu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tun fil'azal mu masu saye ne kawai. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Ya bayyana cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu har gaɓar tekun Atlantika ta yamma. Ya ƙiyasta cewa Tambutu kaɗai takan karɓi kayan raƙumi ɗari uku a shekara, kuma cinikin tufafin gaba ɗaya ba zai gaza wuri miliyan 300 ba, a lokacin da wuri 2,500 yake daidai da dalar azurfa guda. Turkuɗin Kura shi ne rawanin Buzaye a cikin Sahara. Audugar tamu ce, baban rini namu ne, masaƙa da marina da mabuga duk namu ne.

Haka kuma kasuwar Kurmi ta san kayan Turai tun kafin ta ga Bature mai mulki. Barth ya lissafa farin yadi na Manchesta, da allurai da madubai na Nurambag, da ruwan takobi na Solingen, da duwatsun wuya da takarda daga wajajen Italiya. Tun kafin shi, a 1824, Hugh Clapperton ya sayi koriyar laima ƙirar Ingila a wannan kasuwa a kan dala uku. Duk waɗannan a bayan raƙumi suka ƙetaro hamada. A madadinsu, ban da tufafi, mukan aika da jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka riƙa yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko, saboda ta tashoshin Afirka ta Arewa take isa gare su. Aikin namu ne, sunan na wani.

Abubuwa da dama ne suka taru suka raunana wannan sana'a. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin rini na sinadari, wanda ya karya darajar baba a duniya. Jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa wa akoko da alawayyo na Manchesta isowa da araha. Gab da samun 'yancin kai aka yi yunƙurin maido da martabar ta hanyar zamani. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, a 1964 kuma attajiran Hankon suka kafa United Nigerian Textiles. Unguwar Kakuri ta cika da dubban ma'aikata, atamfar gida ta shiga akwatin lefe. Daga baya ƙarancin wutar lantarki da tsadar kayan gyara da fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, ta farko ta rufe a 2002, ta biyu kuma ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. Wanda ya zaga Kantin Kwari a 'yan shekarun nan ya san cewa mafi yawan atamfar da talaka yake iya saye daga ƙasar Sin take zuwa.

Jere

Kakanninmu mata da ƙore aka yi musu jere, manya da ƙanana, an sassaƙe su an yi musu zane, ga akushi ga faifai ga tukunyar ƙasa. Mai hali yakan ƙara da tasoshin tagulla ƙirar Bida. Duk abin da ke cikin ɗakin, in ban da tagullar, ana iya nuna gonar ko dajin da ya fito.

A zamanin Turawa ne kwano ya shigo, wato ƙarfe da aka shafe da ruwan gilashi aka gasa, aka yi masa furanni. Da fari daga Turai ake kawo shi, daga baya masana'antun Hankon suka mamaye kasuwar. Da gwamnatin Nijeriya ta ɗora haraji mai nauyi a kan na waje domin ta ƙarfafa sana'ar gida, sai masu masana'antun suka kwaso injinansu suka kafa a Ikko da Kano a wajajen 1960. Ta haka langa da fanteka da samira suka hau bangon ɗakin iyayenmu, har darajar amarya ta koma ana auna ta da tsawon jerenta. Ba ado ne kaɗai ba, domin kwanukan nan ajiya ce ta mace, in rana ta ɓaci takan zare saiti guda ta sayar ta rufa wa kanta asiri. Yanzu kuma kuloli da tangaran da kayan wuta sun ture samira, kuma in aka kifa su aka duba gindinsu, sunan Sin ko Indiya ko Turkiyya za a gani. Mai gyartai da masassaƙin akushi kuwa sai a ƙauye.

Gara

Idan iyayen amarya suka tashi kai gara, sukan haɗa buhun shinkafa da na masara, da fulawa da sukari da man gyaɗa, ga alkaki ga nakiya ga dubulan. A nan ma baƙi sun fi 'yan gida yawa. Masara da gyaɗa da rogo da barkono duk daga nahiyar Amurka suka samo asali, ba su iso Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbas ta 1492. Sun daɗe da mu har mun manta cewa baƙi ne.

Gyaɗa ta cancanci a tsaya a kanta. Turawan Ingila sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, kuma babban burinsu a kan hanyar jirgin Kano shi ne ta riƙa kai wa masaƙun Lankasha auduga. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. A daidai lokacin masana'antun Turai suna neman mai domin yin sabulu da man shafa wa burodi, farashin gyaɗa ya fi na auduga, ga shi kuma in ciniki ya ƙi ana iya cin ta. Daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Daga baya aka shiga jera buhuna ana yin dalar gyaɗa, wadda guda takan ci buhu kimanin 15,000. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma daga gona, su suka share dalar.

Sauran kayan garar kuwa, alkamar da ake niƙa fulawarmu mafi yawanta a jirgin ruwa take zuwa, shinkafar Tailan da ta Indiya sun daɗe suna gogayya da ta gida, ɗanyen sukarin da ake tacewa a Ikko kuma akasarinsa daga Birazil ake kawo shi, ƙasar da aka kai 'yan'uwanmu saran rake shekaru ɗari biyu da suka wuce.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana. Abin da wannan waiwaye ya nuna mana shi ne cewa Bahaushe bai taɓa zama a killace ba. Tun ƙarnuka da dama hannunsa yana cikin na mutumin Maldif da na Tarabulus da na Asante. Abin da ya sauya shi ne irin kayan da yake miƙawa. A zamanin Barth mun sayi allura mun sayar da riga. A yau fatar da ake jemewa a Kano takan tafi Italiya da Sifaniya a ɗinka takalmi da jaka, mu kuma mu saya da tsada mu sa a lefe.

Wannan sauyi yana da farashi, kuma uban amarya ne yake biya. A 1980 naira ta fi dalar Amurka daraja. A watan Satumba na 1986 aka fara karya ta a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Tunda gado da kwano da atamfa duk da dala ake shigo da su ko kayan haɗa su, sai kuɗin kayan ɗaki ya bi ta. Duk mun san gidajen da aka ɗaga biki, da waɗanda aka sayar da gona ko aka ci bashi domin a fita kunya. Halin da mai rumbun wuri ya shiga bayan 1845 bai bambanta da wannan ba.

Ba muna kira ne a koma wa ƙwarya da keso ba, domin na gaba ya yi gaba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Marinar Ƙofar Mata tana nan, audugar Funtuwa da Gusau tana nan, jar akuya tana nan, kuma a cikinmu akwai masu karatun injiniya da na noma da na kasuwanci. Mu kuma ɗaliban harshe da adabi, aikin da ya fi kusa da mu shi ne mu koma ga kakanninmu mata tun suna raye, mu rubuta sunayen atamfofin da aka sa musu a lefe, da na kwanukan da aka jera musu, da abin da aka biya. Waɗannan bayanai ba sa cikin kundin gwamnati, kuma duk tsohuwar da ta rasu da nata take tafiya. Idan kuma aka gayyace mu ganin ɗaki, bayan mun yi wa amarya fatan alheri, mu ɗauki kwano guda mu kifa shi mu karanta abin da aka rubuta a gindinsa.